Ƙiba da asma a jikin ɗiyanmu: a bar yaro ya yi gudu

A Maraɗi in ka buɗe baki ka ce ƙiba na iya zama ciwo ga yaro, kallon da za a yi maka shi ne na wanda ya ƙoshi ya rasa abin faɗi, kuma wallahi ban ga laifin mutane ba. Jahar nan ta san tamowa, ba labari aka ba ta ba. Duk wanda ke da wayo a 2005 ya tuna yadda mata suka riƙa tahowa daga wajajen Madarunfa da Dakoro da Gidan Runji da Tasawa goye da ɗiyan da ko kuka ba su iya yi da ƙarfi, ana ɗaura musu ɗan abin awon nan a damtse ana duba ko ya faɗa ja, kuma har gobe ana ba da Plumpy'Nut, abincin gyaɗan nan na masu tamowa, a gidajen likita na karkara. To uwar da ta ga wannan da idonta, ka zo ka ce mata kumatun ɗanta da wuyan nan mai ninki-ninki abin damuwa ne? Cewa za ta yi tubarkalla, bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ni ma na yarda rashin abinci shi ne babbar matsalar ɗiyan jahar nan har yanzu, ba na musu.

Amma cikin gari akwai wasu yaran daban, ɗiyan ƴan kasuwa da ma'aikata, na su Ali Ɗan Sofo da Zariya da sauran unguwannin da gidaje ke da bango da get da tele a falo, kuma su nake gani kullum don ni mushe ne, a wata lakwal mai kuɗi nake koyarwa. Kowace shekara in aka koma lakwal a Oktoba sai iyaye su fara kawo takardar dispans, wai kada a sa yaro sport don yana da asma. In ka duba masu takardar nan da yawansu yara ne masu jiki, ana fita fili su ne zaune a inuwar bedi suna gadin jakunkunan ƴan aji, ana buga ƙararrawar rekre kuma su ne na farko wurin mai fanke da mai jus, don an cika musu aljihu saboda tausayi. Shekara na zagayowa yaro ya ƙara nauyi, numfashin ya ƙara tsananta, a sake kawo wata takardar. Abin da nake son faɗa ke nan a rubutun nan: asma da ƙiba suna ciyar da juna, kuma yadda muke lallaɓa yaron da sunan ƙauna shi ke ƙara ɗaure shi.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 262 ne ke da asma, ta kashe 455,000, kuma yawancin mace-macen a ƙasashe matalauta ne inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun magani. Ɓangaren ƙiba kuma, a 1990 kashi 8 cikin 100 ne na yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima, a 2022 ya kai kashi 20, yara sama da miliyan 390 ke nan, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin ciwo.

To mi ya haɗa teɓa da huhu? Huhu ba ya jawo iska da kansa. Akwai wani faffaɗan nama a ƙarƙashinsa wanda ya raba ƙirji da ciki, in ya sauka ƙasa haƙarƙari ya buɗe sai iska ta shiga, in ya koma sama ta fita. Kamar zugazugin maƙeri ne, ka ɗora masa buhun hatsi a kai ka ce a zuga, zai zugu amma ba zai buɗe yadda ya saba ba kuma mai zugar da wuri zai gaji. Kitsen ciki yana tura naman nan sama, kitsen ƙirji yana danne haƙarƙari, sai iskar da ke saura cikin huhu bayan mutum ya fitar da numfashi ta ragu. Ita kuwa wannan ragowar iskar tana da aiki, ita ke riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe. In ta ragu sai hanyoyin su tsuke, wasu na can ƙasan huhu ma su rufe, musamman in yaro ya kwanta rigingine. Ga wanda ba shi da asma abin zai tsaya ga haki in ya hau bene ko ya ɗan yi gudu. Amma mai asma dama hanyoyin iskarsa a kumbure suke daga ciki, naman da ke kewaye da su da ƙura ta taɓa shi ko sanyi sai ya shaƙe, ga majina tana taruwa, to ka ga an haɗa masa matsi biyu, na ciki da na waje, shi ya sa za ka ji ƙirjin yana fito cikin dare, yaro ya tashi zaune ya dafa gwiwa yana neman iska.

A jikin yara akwai wani abu kuma da ya ba ni mamaki. Wani likitan yara mai suna Erick Forno da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka sun fitar da bincike a 2017 da ya nuna yaro mai ƙiba sau da yawa huhunsa na girma ya yi faɗi da kyau amma hanyoyin iskar ba su bin sa a faɗin, wato huhu babba, hanya ƙarama. In aka sa shi hura na'urar awon numfashi, yawan iskar da zai fitar gaba ɗaya daidai ne ko ma ya fi na tsaransa, amma kason wannan iskar da zai iya fitarwa a daƙiƙar farko sai ya gaza, kuma cikin masu asma waɗanda ke da wanga hali sun fi yawan tashin ciwo mai tsanani. Bayan haka shi kansa kitse ba ajiya ba ne kawai da ke kwance, yana zuba wasu sinadarai cikin jini, irin su leptin, masu hura kumburi a jiki, har bincike ya nuna maganin shaƙa na rigakafi ba ya kama yara masu ƙiba sosai kamar yadda yake kama sauran. Ga ƙwarnafi, don tumbi na matsa abinci ya dawo maƙogwaro da tsami ya tada tari da dare. Ga minshari, wanda mu a gida abin dariya ne, alhali wani yaron numfashinsa ne ke ɗaukewa cikin barci, da safe ya zo aji yana gyangyaɗi a ce masa malalaci.

A 2018 wani binciken da Jason Lang na jami'ar Duke ya jagoranta ya bi bayanan yara sama da 500,000 a Amurka, ya fito a mujallar Pediatrics, suka ce cikin yara masu ƙiba da suka kamu da asma, kashi 23 zuwa 27 cikin 100 ƙibar ce sanadi kai tsaye, kuma da babu nauyin da ya wuce kima da an kauce wa wajen kashi 10 na asmar yara a ƙasar. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na kudancin Kaliforniya da ya fito a 2017, don shi ta baya ya biyo. Sun ɗauki yaran da ba su da ƙiba suka bi su har wajen shekara 10, sai suka ga masu asma sun fi sauran haɗarin yin ƙiba da kashi 51 cikin 100, kuma waɗanda ke amfani da abin shaƙa in ciwon ya taso haɗarin nasu ya ragu. Ka ga ke nan ba kullum ƙiba ke fara zuwa ba, wani lokacin asmar ce ke zaunar da yaro wuri ɗaya har jiki ya taru.

Wannan kam a gidanmu na gan shi. Ɗan yayata tun yana ƙarami yake da asma, siriri ne lokacin, in hunturu ya shigo hazo ya rufe gari sai ƙirji ya kama. Da ya yi wani tashi mai tsanani sai Inna, kakarsa, ta karɓi ragamar abin, ta kafa dokoki: ba wanka da safe, ba ruwan sanyi, ba balo, ba fita ƙofar gida, lakwal ma a kan moto za a kai shi a ɗauko shi alhali tafiyar ba ta kai komi ba. A madadin haka kunu da sukari da madara, burodi da mayonez wurin mai shayi, tsire in babansa ya dawo da dare, duk abin da ya nuna da yatsa a ba shi don kada ya yi kuka numfashi ya sarƙe. Sai kuma mai tallar magani da ke bi layi-layi da tirensa ya kawo wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi, ya ce a ba shi in ƙirjin ya motsa. Aka ba shi, ƙirji ya lafa, cin abinci ya buɗe, fuska ta cika ta yi zagaye, daga in ya motsa aka koma kullum. Ranar da na ɗauki kwalin na karanta, dexa ce, wato dexaméthasone, ƙwaya mai ƙarfi ta danne kumburi. Na ce Inna wannan fa ba ƙibar lafiya ba ce, kumburin magani ne. Ta ce kai dai da bokonka, ba ka ga maganin ya karɓe shi ba har ya yi kumatu? Na ce to a bar shi ya riƙa fita wasa mana. Ta aje muciya ta dube ni ta ce, ɗan da ba shi iya lumfashi za ka ce ya tahi bin balo, in ya faɗi kai za ka biya ni shi? Ban da amsa a lokacin, don tsoronta na gaskiya ne, ita ce ta kwana zaune da shi a ƙirjinta.

Dexa da Célestène da prednisolone duk dangi ɗaya ne, kuma ba wai mugayen magunguna ba ne, in asma ta tashi da ƙarfi lokotoro da kansa yana rubuta irinsu na kwana 3 zuwa 5 kuma suna ceton rai. Matsalar ita ce a mai da su abincin kullum. Suna buɗe ciki, su tara kitse a fuska da tumbi da doron wuya, su hau da sukarin jini da hawan jini, su raunana ƙashi, su tauye tsawon yaro, su rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, haɗari ne babba, a hankali ake ragewa kuma lokotoro ne ke tsara yadda za a yi. Na san dalilin da ke tura mutane wurin mai tire, tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, amma ɗan shekara 9 ko 14 ba ya ciki, sai an biya ganin lokotoro an biya ordonas a farmasi, shi kuwa mai tire da ƴan canji zai ɓallo maka ƙwaya biyu. Sauƙin nan ne ke jawo tsada daga baya.

Abin haushi, ƙwayar da ke kumbura yaro ba a tsoronta, abin shaƙa ake tsoro. Sau nawa na ji uwa ta ce ita ba ta son a fara ba ɗanta Ventoline don wai in ya saba ba ya rabuwa da ita, ko wai tana raunana zuciya, ko kada a gan shi da ita a ce ciwonsa ya yi nisa. Abin shaƙa ba ƙwaya ba ce mai sa maye, ba a kamuwa da shi. Iri biyu ne kuma ya kamata kowane gida mai asma ya rarrabe su. Akwai na buɗe hanya, shi ne salbutamol, shuɗin nan da muke kira Ventoline, cikin mintoci yake saki naman da ya shaƙe amma ba ya taɓa kumburin. Akwai na rigakafi, irin su béclométasone ko budésonide, wanda ake shaƙa a kai a kai ko da lafiya lau yaro yake, shi ke kwantar da kumburin ciki, a kurkure baki bayan an shaƙa. E, shi ma dangin su dexa ne, amma awonsa ɗan mitsitsi ne kuma huhu yake tafiya kai tsaye, ba ya bi jini ya cika fuska yadda ƙwaya ke yi. Tun 2019 GINA, ƙungiyar da ke fitar da ƙa'idojin maganin asma a duniya, ta daina ba da shawarar a riƙe matasa da manya da shuɗin kaɗai. Gwangwani ɗaya na Ventoline fesa 200 ke ciki, in yaro na shanye 3 ko fiye a shekara, ko yana neman ta fiye da sau 2 a sati, ko tari na tada shi da dare, to asmar ba ta kwanta ba, a koma wurin lokotoro a yi zancen na rigakafi, ba a ƙara sayo shuɗi ba.

Sai dai kuma ba duk yaro mai jiki da ke haki ne ke da asma ba, nan ma ana tafka kuskure. Wani rashin motsi ne kawai, jiki bai saba ba, wani ƙarancin jini ne, wani zuciya ce, wanda kuma tari ya wuce sati 2 yana zufa da dare yana ramewa sai a duba tarin fuka. Kada maƙwabciya ta saurari ƙirjin yaro ta yanke hukunci ta ba da ragowar maganin ɗanta. A kai shi a auna nauyi da tsawo a duba a kan taswirar girman yara, don lissafin IMC, wato awon nauyi a kan tsawo, da manya ke duba ko ya kai 25 ko 30, ba haka ake karanta shi ga yaro ba, da shekarunsa ake haɗawa da kuma namiji ne ko mace, in da hali kuma a yi masa awon hura iska kafin shaƙar magani da bayan shaƙa.

Yanzu zancen sport. Yaran ajina ba wanda bai san ɗan balon nan David Beckham ba, to yana da asma tun yana yaro, a 2009 aka ɗauki hotonsa yana shaƙar magani a bakin fili. Paul Scholes na Manchester United shi ma haka. Paula Radcliffe ta Ingila da asmarta ta kafa tarihin gudun fanfalaki na mata a London a 2003. Ba cewa nake a jefa yaro fili ya yi ta gudu har ya faɗi ba, cewa nake a fara kwantar da ciwon da maganin da ya dace, sannan a sake shi. Ya fara da ɗumama jiki a hankali na minti 10 zuwa 15, in lokotoro ya ce ya shaƙi shuɗin kafin wasa ya shaƙa, abin shaƙan ya kasance a aljihunsa ko hannun mushe ba a kulle cikin kwabar uwarsa a gida ba. Lokacin hunturu iska busasshiya ce mai sanyi, ita ce ta fi tada asmar gudu, to a rufe hanci da baki da ƙyalle ko takunkumi, ranar da hazo ya yi yawa har ba a ganin ƙarshen layi a haƙura a yi motsin a cikin gida. OMS ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ba sai an sayi kaya ko an shiga kulob ba, tafiya lakwal a ƙasa maimakon kabu-kabu, keke, langa, tsallen igiya, ƴar gala-gala, aiken kasuwa, duk lissafi ne. Takardar dispans ta shekara guda cur ga yaron da asmarsa za ta iya kwanciya, ni a ganina cutarwa ce, gara takarda mai cewa ga abin da zai yi ga abin da za a yi in ƙirji ya kama.

Kuma kafin a ɗora wa balo laifi a duba ɗakin da yaron ke kwana. Turaren wuta a rufe ƙofa da taga, maganin sauro na hayaƙi a gefen katifa har safe, kafet da ya shekara bai ga rana ba, kyankyasai, hayaƙin itace daga madafa, shara ba yayyafa ruwa, baba na busa sigari a falo. Samarin kuma ga shisha a fada.

Abinci kuwa, don Allah kada wani ya karanta wannan ya tahi ya sa yaro azumin dole. Yaro mai girma ba a hana shi abinci, sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya tsawo ya kamo shi. A manya an ga rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kawai yana sauƙaƙa asma, ba sai an rame ba. Inda za a fara shi ne abin sha, don nan sukari ke ɓuya. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, kusan dunƙule 7 ke nan na sukarin kwali, alhali abin da OMS ta fi so ko ga babba bai wuce wajen giram 25 a yini ba. Ƙara da zoɓon leda da yawur da ƙanƙara mai kala da shayin da ake zuba wa sukari har cokali ya tsaya, ka ga yaro ya sha abincin yini bai tauna komi ba. Sai soye-soye, mu garin gyaɗa ne mai ba ya mana wuya, fanke da safe, awara da rana, soyayyen dankali da taliya da dare. Alhali ga zogalen Jiratawa nan ana kawowa kasuwa, ga rama, ga wake, ga dambu, ga kayan lambu lokacin sanyi har sun yi yawa, ga fura da nono in ba a cika ta da sukari ba, abincin da kakanninmu suka ci ne ba wani na Turawa ba. Kuma gida duka ne zai canza, ba za a zuba wa kowa jus a miƙa masa ruwa shi kaɗai ba, hukunci ke nan ba magani ba. Haka sunayen nan, lukuti, buhu, tulu, da ƴan aji ke kira wani lokacin har da malamai, ba su taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai su sa yaro ya ƙi cire riga a fili ya koma gaban tele da salula.

Ƴan mata abin nasu ya fi ciwo kuma an fi yin shiru a kai. Kafin balaga asma ta fi yawa ga maza, bayan balaga sai ta juya ta fi yawa ga mata, kuma daidai lokacin ne muke ce wa yarinya ta girma ta daina tsalle-tsalle ta zauna gida. Daidai lokacin ne kuma ƙawaye da wasu iyayen ke fara zancen ta yi jiki kafin aure, a kawo sha-ka-fashe, wanda in ka bincika galibi dexa ce da cyproheptadine mai buɗe ciki. Yarinya mai asma da ta faɗa wannan za ta ji ƙirji ya yi sauƙi da farko, don dexar na danne kumburin, ga jiki ya ciko ana yabawa, ba mai gaya mata komi sai ranar da ta daina sha ciwon ya dawo da ƙarfi, ga nauyi ya hau kan huhun, ga jiki ya saba da ƙwayar. Kuma da yawa suna ɓoye abin shaƙa don kada dangin miji su ji an ce tana da ciwo.

Wani abu mai arha da zai taimaki kowa: yawancin yara ba su iya shaƙar maganin daidai ba, suna fesawa ya tsaya a harshe da maƙogwaro, a ce magani ba ya aiki. Akwai ɗan bututun da ake sayarwa a farmasi don haka, in babu shi ko ya yi tsada, robar ruwa ta rabin lita tana yi. Ba dabarar unguwa ba ce, wata likitar yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu, Heather Zar, ta gwada ta ga yara masu asma aka buga a mujallar Lancet a 1999, kuma ta yi aiki daidai da na kanti. Ana huda gindin robar daidai bakin abin shaƙan ya shiga ya matse ba iska na fita, a wanke da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba gogewa, a girgiza maganin, yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi 5 ko 6 a hankali, sannan a sake girgizawa a yi na biyun in an ce biyu.

In kuwa yaro ya kai ba ya iya haɗa magana sai kalma-kalma, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuya na lotsawa in ya ja iska, ko leɓɓa sun canza kala, ko ya fara lumshe ido jiki ya saki, ko an ba shi shuɗin bai ji sauƙi ba, ba a jiran gari ya waye. A zaunar da shi kada a kwantar, a ci gaba da ba shi Ventoline ta cikin robar a kan hanya, a nufi likita ko ƙarfe nawa ne, kuma a zuba duk magungunan da yake sha a leda a tahi da su har da na mai tire, don in ya daɗe a kan dexa dole lokotoro ya sani kafin ya rubuta komi.